Mai Gyaran Sikeli a Duwatsun Kindiyo

Sana'ata gyaran sikeli ce.
Daga Kalarka nake tashi kafin zakara,
akwatin ƙarfe a cinya, duwatsun awo a aljihu,
in ɗare bayan tsohuwar jif mai tari,
gajimare na rufe mu, yana buɗewa.

Duk gangaren da ka gani a nan gonar gahawa ce,
amma mai kyan tana buhu, an ɗinke mata baki,
jirgin ruwa na jiranta a can nesa.
Abin da ya zubo ƙarƙashin rariya
shi ake babbake mana, a lafta sukari,
mu kurɓa muna yamutsa fuska muna godewa.

A Pihawo na ga allo mai harufan zinariya.
Na shiga. Inji na sheƙi kamar motar amarya,
wani yaro, Yeison, ya zana mini ganye a kan kumfa,
ya ce in dakata, zai ɗauki hoto tukuna.
Na biya kuɗin gyaran sikeli biyu.
Ba girin-girin ba, a yi mai.
Harshena ya fito bai san ya yi baƙo ba,
aljihuna kaɗai ke tunawa.

A Kordoba na ce bari in bi masu tsinka,
masu yatsu ja, masu takalmin roba.
Ashe su zafi suke nema, ba daɗi ba,
abin da zai buɗe ido ya kori sanyin ƙashi.
Na sha tare da su a tsaye, bakin titi.
Ɗaci ne zalla, amma Ebelio ya biya mini,
kuma ban ga hanyar ƙi ba, balle ta ramawa.

Sai Henoba, garin da hanya ke ƙarewa.
Ruwan sama ya kora ni rumfar mai ɗinkin sirdi.
Ban tambayi kowa ba, hancina ya yi jagora
ta wani lungu, bayan igiyar shanya,
zuwa ƙofa shuɗiya marar suna.
Kujeru huɗu, babu biyu masu kama da juna,
kyanwa a kan buhu,
rediyo na karanta sunayen waɗanda suka rasu,
Doña Nubiya na juya ƙwaya a kasko da cokalin katako,
ba ta ɗago ba.
Ta ce, zauna, ba a gaggauta mai tafasowa.

Kowace shekara buhu guda take hana jirgi.
Mijina ya shuka, in ji ta, ƙafarsa ta tafi a gangaren nan,
ba zan sayar da duka in sha shara ba.
Ta tace a ƙyallen da ya tsufa ya yi launin ƙasa,
ta miƙo a kofin da ya rasa hannu.
Na nemi sukari da ido. Ta kau da kai.

Na kurɓa.
Lemo na ji da farko, can ƙasa kuma zuma,
sai wani abu kamar ƙamshin rigar mahaifina
ranar da ya dawo daga gona ruwa ya jiƙa shi.
Na ajiye kofin don hannuna na rawa,
na yi kamar ruwan waje nake dubawa.

Sikelinta na kan teburi, ya karkace,
giram talatin yake cutarta a kowane awo,
shekara nawa, Allah masani.
Na kwance, na goge, na ɗaure. Ya tsaya cak.
Ta ce nawa? Na ce kofi na biyu.

Shekara ashirin ban yi ƙarya a kan awo ba.
Ran nan na yi.
Na ce irin wannan sikeli, Doña, tsoho ne,
duk wata sai an zo an duba shi.
Ta kalli sikelin, ta kalle ni,
ta ce, to ka riƙa zuwa ranar Talata,
ran nan nake soyawa.